Keken lantarki a lokacin sanyi: tambayoyi da amsoshi kan batir

Duk shekara da an shiga watan Nuwamba, tambayoyi kusan iri ɗaya ke zuwa mini daga 'yan uwa masu hawan keken lantarki a nan Jamus, musamman masu aikin kai abinci gida-gida, waɗanda keken shi ne jarinsu. Wannan ya ce batir ya mutu, wancan ya ce an cuce shi wajen saye, wani ma har ya fara tara kuɗin sabo. Akasarinsu batirin lafiyarsa ƙalau. Wanda kuwa ya lalata nasa da gaske, yawanci bai ma san daren da ya yi ɓarnar ba.

Da zafi batirina yana kai ni kilomita 60, yanzu da ƙyar yake yin 40. Ya lalace ke nan?

Da wuya. Idan raguwar ta zo ne tare da sanyi, to sanyin ne, kuma abin da ya ɗauka aro ne, zai dawo da shi. Wutar da ka zuba tana nan a ciki, fitar da ita ce ta yi wa batirin wuya. Gwajin ba ya buƙatar bakanike: ka kwana da batirin a ɗaki, ka cika shi a ɗaki, ka ɗora shi a kan keke daidai lokacin fita, sannan ka duba nisan da zai yi. In kilomitocin sun ƙaru, ka samu amsarka. In watan Mayu ya yi, gari ya yi ɗumi, amma har yanzu 40 ɗin yake yi, wannan wata magana ce, za mu zo kanta.

To me sanyin yake yi a cikin batirin?

Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar manja a lokacin hunturu ya riga ya ga rabin amsar. Man da ke zuba salin-alin da rana, da asuba sai ka kifa kwalbar ya ƙi motsi. Man yana nan, bai ragu ko cokali ɗaya ba, kauri ya yi.

Batirin keke tarin ƙananan batura ne irin na litiyam, kowanne ya ɗan fi yatsa kauri, waɗanda aka fi sani da lamba 18650 ko 21700. A cikin kowanne akwai ɓangare biyu, da wani ruwan sinadari a tsakani. Idan kana tafiya, ƙwayoyin litiyam suna ratsa ruwan daga ɓangare ɗaya zuwa ɗayan, wannan kai-komon ne ke ba injin wuta. Idan kana caji, suna komawa inda suka fito. Sanyi yana sa ruwan ya yi kauri, yana kuma rage saurin shiga da fitar ƙwayoyin a bakin kowane ɓangare. Sai turjiyar cikin batirin ta ƙaru: injin ya nemi wuta da yawa, batirin ya kasa bayarwa da saurin da ake nema, wani kaso kuma ya tafi a zafi maimakon ya juya taya.

Wannan zafin ma yana da ɗan amfaninsa. Batirin da ke aiki yana ɗumama kansa, shi ya sa bayan minti goma ko sha biyar a kan hanya za ka ji keken ya ɗan warware.

Allon yana nuna saura sanda biyu, amma da na fara hawan gada sai keken ya ɗauke wuta. Na kashe na kunna ya dawo. Mene ne wannan?

Ni ma ya taɓa yi mini, a wata safiyar Janairu a Hamburg, da jakar abinci a bayana. Na bar keken ya kwana a tsakar gida da batirin a jiki. Sirdi ya yi fari fat da raɓar da ta daskare, na goge da hannun riga na hau. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba abin da ya faru. Ina taka feda a gindin gada, sandunan allo suka zube daga uku zuwa ɗaya a gabana, sai shiru. Keke mai kilo 25 ya koma keken Hausa, ni da shi da abincin mutane, haka na tura har sama ina haki, tururi na fita daga bakina. Da na tsaya na sake kunnawa, sanda biyu suka dawo kamar ba su ba.

Dalilin shi ne allon ba ya leƙa cikin batirin ya ga abin da ya rage. Yawancin kekuna masu sauƙin kuɗi ƙarfin wuta kawai suke aunawa su yi kirdado. Batirin da aka rubuta wa bolt 36 jeri 10 ne na ƙananan baturan nan, kowane jeri bolt 4.2 in ya cika, jimilla 42. Mai bolt 48 jeri 13 ne, yana cika a 54.6. A cikin akwatin akwai wani ƙaramin allon tsaro da ake kira BMS, aikinsa shi ne ya yanke wuta da zarar ƙarfin ya faɗi ƙasa da iyaka, wajen bolt 3 a kowane jeri, don kada batirin ya lalace. A kan tudu injin yana zuƙar wuta da yawa, batiri mai sanyi kuma ƙarfinsa yana faɗuwa warwas idan aka zuƙe shi haka. Allon tsaron ya ga an taɓa iyaka, ya yanke. Da ka tsaya, nauyin ya sauka, ƙarfin ya farfaɗo, sandunan suka dawo.

Maganinsa a hanya: kafin tudu ka sauko da giya, ka rage matakin taimako, ka bar ƙafarka ta yi rabin aikin.

Nawa zan sa ran rasawa?

Ya danganta da batirin, da shekarunsa, da inda ya kwana. Abin da mahaya suka saba gani a kusa da digiri sifili shi ne raguwar kashi 20 zuwa 30 cikin 100, tsohon batiri kuma ya fi haka jin jiki. Ɗauki batir mai 500 Wh (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) a kan keken da ke cin 10 Wh a kowace kilomita: kilomita 50 ke nan a rana mai daɗi. Cire kashi ɗaya bisa huɗu, saura 37 da ɗoriya. Da wannan lissafin ya kamata ka tsara aikin yini.

Ba duka laifin batir ba ne kuma. Iskar digiri sifili ta fi ta digiri 25 nauyi da kusan kashi 9 cikin 100, kai kuma ka sha rigar sanyi ka yi faɗi kamar buhun auduga, iskar tana samun inda za ta tokare. Tayar da ka busa a ɗaki mai digiri 20 har bar 4, in ta fita sifili takan sauka wajen 3.7. Man giris na cikin gargaren taya da injin ya yi kauri. Fitila tana kunne tun ƙarfe huɗu na yamma. Ga jiƙaƙƙiyar hanya ko dusar ƙanƙara mai riƙe taya. Kowanne kaɗan ne, amma da ɗaya-ɗaya ake cika buhu.

An ce kada a yi caji a cikin sanyi. Gaskiya ne ko camfi?

Gaskiya ce, kuma in za ka manta da duk sauran amsoshin nan, kada ka manta da wannan. Hawa a cikin sanyi aro ne. Caji a ƙasa da digiri sifili kuwa asara ce da ba ta dawowa.

Ka tuna tashar mota ranar jajibirin sallah. Fasinjoji sun yi dafifi, ƙofar motar ɗaya ce kuma ƙarama. In suna shiga ɗaya bayan ɗaya kowa zai samu kujera. In aka turo su gaba ɗaya, sai a cushe a bakin ƙofa. Lokacin caji, ƙwayoyin litiyam suna shiga cikin wani sinadarin gawayi mai suna girafait, su zauna a tsakanin shimfiɗunsa. Sanyi yana matse ƙofar, caja kuwa ba ta san da wannan ba, turowa kawai take yi. Ƙwayoyin da suka rasa hanyar shiga sai su taru a waje, su rikiɗe su zama ƙarfen litiyam a saman girafait ɗin. Yawancin wanda ya zama ƙarfe ya fita daga aiki ke nan, batirin ya rage ɗauka har abada.

Abin bai tsaya nan ba. Wannan ƙarfen yakan tsiro kamar ƙananan allurai. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai wata 'yar takardar roba da ta fi gashin kai siranta, ita ce ke hana su haɗuwa. In allura ta huda ta, wuta ta haɗu a ciki, kuma daga nan gobara take iya tashi, wataƙila bayan makonni, a ranar da ba a yi laifin komai ba. Ba ka ganin komai daga waje. Fitilar caja za ta koma kore kamar kullum.

Shi ya sa kamfanoni suke rubuta iyaka a littafin keke. Shimano, misali, ta ba da digiri 0 zuwa 40 domin caji, alhali ta yarda a hau har digiri 10 ƙasa da sifili. Ka ga tazarar. Batura masu kyau suna da ma'aunin zafi a ciki, in sun yi sanyi sai su ƙi karɓar caji, mutum ya ɗauka caja ce ta lalace, alhali batirin kansa yake karewa. Masu araha da yawa ba su da wannan wayon, duk abin da aka ba su haɗiyewa suke yi. Ni shawarata kada ma ka yi wasa da bakin iyaka: ka yi caji a inda ya kai digiri 10 zuwa sama.

Na shigo da shi ɗaki. Minti nawa zan jira kafin in jona?

Ba minti ba, awa. Batir mai kilo uku ba ya ɗumama da wuri, robar waje za ta yi ɗumi a hannunka alhali cikin yana nan kamar ƙanƙara. In ya daɗe a waje, ba shi awa biyu, in sanyin ya yi tsanani ka ƙara. In kuwa yanzu ka sauka daga doguwar tafiya, cikinsa da ɗumi, jiran ba zai yi tsawo ba.

Akwai dalili na biyu. Ka lura da yadda kwalbar lemo mai sanyi take zufa in an fito da ita daga firji? Haka batirin zai yi a ɗaki mai ɗumi. Ka bar zufar ta bushe, ka goge bakin jonawa da busasshen ƙyalle, sannan ka saka caja.

Zan iya ɗora shi a kan hita don ya yi sauri?

A'a. Ko hita, ko na'urar busar da gashi, ko gefen murhu. Gefe ɗaya zai yi zafi fiye da kima, ɗaya gefen yana nan da sanyinsa, garin gyaran gira a rasa ido. Ajiye shi a ƙasa a ɗaki, ka je ka sha shayi.

Ina aiki awa takwas, keken yana waje. In cire batirin ko in bar shi?

In yana ciruwa, cire shi ka shiga da shi. Ka huta da sanyi, ka huta da ɓarayi, domin batirin shi ne mafi tsada a jikin keken. Zama a sanyi na 'yan awoyi ba ya lalata shi, illar kawai za ka tashi da batiri mai kasala. Masu kai abinci da ke tsayawa minti biyar nan, goma can, ba sai sun damu ba, ɗumin aiki yana riƙe shi. Jira mai tsawo a ƙofar gidan abinci da dare shi ne ke huce shi.

Wanda batirinsa a cikin ƙarfen keke yake, ba ya fita sai da sukudireba, shi ne a wahala. Sai ya nemi ɗakin ƙasa ko gareji da ba ya kaiwa sifili. Duk mai shirin sayen keke a ƙasar sanyi alhali yana zaune a bene hawa na huɗu, ya yi wannan tunanin kafin ya biya kuɗi.

Rigar batir da ake sayarwa tana aiki?

Tana yi, amma a san aikinta. Irin robar rigar masu ninƙaya ce, ba ta samar da zafi, riƙe wanda ke akwai take yi, kamar bargo. In ka fito da batiri mai ɗumi daga ɗaki ka sa masa, za ta taimaka a doguwar tafiya. In ka sa wa wanda ya kwana a waje, ka rufe sanyi ne a ciki. Ka cire ta lokacin caji, ka kuma cire ta da an fita daga sanyi.

Ba na hawa daga Disamba zuwa Maris. Yaya zan ajiye shi?

Ba a cike ba, ba kuma a fanko ba. Kamfanin Bosch yana ba da shawarar kashi 30 zuwa 60 cikin 100, a busasshen wuri mai sanyi-sanyi. Cikakken batir yana saurin tsufa in ya daɗe a haka. Na fanko ya fi haɗari, domin allon tsaron yana ɗan shan wuta ko keken a kashe yake, in ƙarfin ya faɗi ƙasa da iyaka sosai, caja ba za ta sake tayar da shi ba. Ka cire shi daga jikin keke, kada ka bar shi a jone, ka leƙa shi duk bayan wata ɗaya ko biyu.

Akwai batirin da sanyi ba ya damu?

Babu, sai dai wani ya fi wani haƙuri. Yawancin kekunan Turai suna amfani da litiyam mai haɗin nikel da manganis da kobalt. Akwai kuma litiyam da ake kira LFP, mai haɗin ƙarfe da fosfet, wanda ya fi daɗewa, ya fi wuyar kamawa da wuta, amma ya fi shi raki a sanyi. Batirin dalma irin na mota, da aka daɗe ana sa wa baburan lantarki masu araha a Sin, shi ma ƙarfinsa yana raguwa, kuma in aka bar shi fanko a tsananin sanyi ruwansa yana iya daskarewa ya fasa akwatin. Wanda ake sa wa ido yanzu shi ne na sodiyam, da kamfanin CATL na Sin ya gabatar a 2021. Ya fi jure sanyi, sai dai ya fi nauyi in aka kwatanta da wutar da yake ɗauka, kuma nauyi a keke ba ƙaramin abu ba ne.

Sauran keken fa, ban da batir?

Injin kansa sanyi ba ya damunsa, zafi ne abokin gabarsa. Allon yakan yi nawa wajen canja lamba, ba lalacewa ba ce. Birki mai waya, in ruwa ya shiga bututunsa ya daskare, sai ka matsa ka ji kamar dutse, don haka a gwada birki kafin a bar ƙofar gida. Babban mai ɓarna shi ne gishirin da ake watsawa a tituna don narkar da ƙanƙara. Yana cin sarƙa da kusoshi da bakin jonawar batir. Ka riƙa wankewa da ruwa a bokiti da soso, batirin a cire, ka shanya, ka sa wa sarƙa mai. Ka guji injin wanki mai feshi da ƙarfi, yana tura ruwa inda bai kamata ya shiga ba.

Abu ɗaya game da tuƙi: injin yana ba da ƙarfi nan take da ka taka feda. A kan sulɓin ƙanƙara wannan ne ke zame tayar baya. Ka tashi da mataki mafi ƙanƙanta.

A wane sanyi ya kamata in haƙura da keken?

Littafin kekenka ne zai faɗa, galibi tsakanin digiri 5 da 10 ƙasa da sifili. Amma yawanci jikin mutum da halin hanya su ke fara cewa a tsaya. A Oulu da ke arewacin Finland, inda sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, yara suna zuwa makaranta a kan keke a tsakiyar hunturu, domin birnin yana share hanyoyin keke da sassafe. A can aka yi taron farko na duniya kan hawan keke a lokacin sanyi, a 2013. Masu keken lantarki a irin waɗannan wurare dabararsu ita ce dai wadda aka faɗa: batir ya kwana a ɗaki, ya fita da ɗumi, a sa taya mai ƙusoshi in hanya ta yi gilashi.

Kun ce a yi caji a ɗaki, hukumar kashe gobara kuma tana gargaɗi kan caji a ɗaki. Wanne za mu bi?

Duka biyun, kuma tambayar tana kan hanya. A birnin New York, gobarar batirin litiyam ta kashe mutum 18 a 2023, da yawa a gidajen haya inda ake cajin kekunan aiki. A shekarar ce birnin ya hana sayar da keken da bai cika ma'aunin tsaro na UL 2849 ba. Abin da ya fi jawo irin wannan gobara shi ne batir maras inganci, ko wanda aka buɗe aka yi wa kwaskwarima, ko cajar da ba tasa ba.

Don haka a ɗaki, amma kana farke kuma kana gida. A kan tayil ko siminti, ba a kan katifa ko kafet ba. Ba a bakin ƙofa ko a lungun da za ku bi ku fita ba, wannan na ga 'yan uwa da yawa suna yi saboda a nan soket yake. Da cajarsa ta asali. Ya cika, ka zare. Na san mai dawowa ƙarfe sha ɗaya na dare a gajiye zai ce yaushe zai jira awa biyu sannan ya zauna gadin caji. Ka bar shi ya kwana a ɗaki ba a jone ba, ka jona da ka tashi sallar asuba.

Yaya zan gane ya lalace da gaske?

In gari ya yi ɗumi nisan bai dawo ba, ya tsufa ko an yi masa illa. Wannan ana iya lallaɓawa da shi. Amma in akwatin ya kumbura ko ya tsage, ko yana zafi fiye da yadda ya saba a caji, ko kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadarin goge farce, ka daina amfani da shi a take. Fitar da shi waje nesa da abin da zai kama wuta, ka kai shi shagon keke ko wurin karɓar tsofaffin batura. Ba a jefa shi a kwandon shara.

Ni a Kano nake. Sanyin hunturu zai yi wa batirina wannan illar?

Kwantar da hankalinka, ɗan uwa. Asubar Janairu a Kano ko Damagaram takan sauka wajen digiri 13 zuwa 15 ne. Mu muna rawar ɗari muna jin wuta, batirin kuwa ko a jikinsa, in ma ka ga raguwa kaɗan ce. Jos da tsaunin Mambila sun fi haka sanyi, amma ba su kai inda caji ke zama haɗari ba. Sai dai a tsaunukan Ayar da cikin Sahara, inda dare kan kai ruwa ya daskare, a can mai batirin litiyam, na keke ne ko na sola, ya jira rana ta ɗaga kafin ya jona.

Naka abokin gabar yana zuwa ne a Maris da Afrilu. Zafin da ya haura digiri 40 yana tsufar da batir da sauri, kuma wannan tsufan ba ya dawowa. Kada ka bar keke a tsakiyar rana a ƙofar shago, kada ka jona shi yana saukowa daga hanya da zafinsa, kada ka yi caji a ɗakin kwano da azahar. Abin da hunturu zai kawo maka shi ne ƙura: tana shiga bakin caja da wurin jonawa, tana haɗuwa da man sarƙa ta zama kamar yashi. Tsohon buroshin haƙori da busasshen ƙyalle sau ɗaya a mako sun wadatar, ka kuma riƙa mayar da 'yar robar da ke rufe bakin cajin.